Buhun abincin kare ya fi albashin wata: me ake saya a kasuwar cimar dabbobin gida mai tsada?

Cikin abubuwan da kan ɗaure wa sabon zuwa kai a manyan kantunan Paris, Burusel ko New York, akwai wani dogon layi da ba a sayar da komai a cikinsa sai abincin kare da na kyanwa. Buhuna da gwangwanaye ne jere reras: wannan na ɗan kwikwiyo, wancan na tsohon kare mai ciwon gaɓɓai, ga na kyanwar da aka yi wa fiɗiya, ga na mai saurin ɓacin ciki. A wasu kantunan har firigo aka kafa a ƙarshen layin, cike da dafaffen nama da kayan lambu, wanda in ba an lura da hoton karen da ke jikin leda ba, mutum zai iya ɗauka ya kai gida a ɗumama.

Farashin shi ne ke ƙara tsayar da mutum. A Faransa, buhun kilo 12 na abincin kare irin mai tsada yana iya kai Yuro 70 ko fiye, kusan jaka 46 ke nan na kuɗin sefa. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, bayan ƙarin da ya fara aiki a watan Janairun 2024, jaka 42 ne a wata.

Ga wanda ya tashi a Maraɗi, Tawa ko Damagaram, inda kare ke gadi da farauta ya ci ragowar tuwo, kyanwa kuma ta kama ɓeranta a rumbu, abin zai iya zama kamar almara. Amma kasuwa ce ta gaske, mai ɗaya daga cikin jari mafi girma a harkar abinci a duniya, kuma tana da wata siffa da ta bambanta ta da sauran: mai saye daban, mai ci daban. Kare bai iya karatu ba. Duk rubutun da ke jikin buhu, da ubangidansa ake magana.

Girman kasuwar

Ƙungiyar masu sana'ar kayan dabbobin gida ta Amurka, APPA, ta ce a shekarar 2023 Amurkawa sun kashe dalar Amurka biliyan 147 a kan dabbobinsu na gida. Daga ciki, biliyan 64.4 sun tafi ne a abinci da kayan ƙwalama kaɗai. A wannan shekarar, duk abin da tattalin arzikin Nijar ya samar bai kai dalar Amurka biliyan 20 ba. A nahiyar Turai, ƙungiyar masu masana'antun abincin dabbobin gida, FEDIAF, ta ƙiyasta cinikin shekarar 2022 a kan kimanin Yuro biliyan 29.

Abin da masu nazarin kasuwar suka fi lura da shi shi ne, kuɗin na ƙaruwa fiye da yadda yawan tan-tan na abincin ke ƙaruwa. Tsadar kayan masarufi ta shekarun 2022 da 2023 na da hannu a ciki. Sauran kuwa ya zo ne daga yadda jama'a ke barin abinci mai araha suna komawa mai tsada, wanda aka ce ya fi gina jiki, ya fi tsabta, ko yana tsawaita rai.

Dalilin wannan sauyi yana cikin gidajen mutane. A ƙasashe masu arziki aure na jinkiri, haihuwa na raguwa, masu zaman kaɗaici na ƙaruwa, kuma kullen annobar korona a 2020 ya sa da yawa suka nemi abokin zama mai ƙafa huɗu. A Japan, karnuka da kyanwoyi sun daɗe da zarce yaran da ba su kai shekara 15 ba yawa. A Koriya ta Kudu, dandalin ciniki na intanet Gmarket ya ce a 2023 keken tura dabba ya fi keken tura jariri fita. A 2024 bankin Goldman Sachs ya yi hasashen cewa nan da 2030 dabbobin gida a biranen Sin za su kusa ninka yaran da ba su kai shekara huɗu ba. Dabbar da ta koma matsayin ɗa a gida, ba a auna kuɗin abincinta da ma'aunin dabba.

Daga asibiti zuwa kanti

Sana'ar ta faro ne a Landan wajajen 1860, lokacin da wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka. Busasshen abincin nan ƙwaya-ƙwaya, wanda ake matsowa daga inji cikin zafi, kamfanin Purina ne ya baza shi a Amurka a 1957, kuma har yau shi ne ya fi yawa a kasuwa.

Ɓangaren da ya danganci lafiya kuwa likitoci ne suka assasa shi, kuma don magance cuta ta zahiri. A ƙarshen shekarun 1930, likitan dabbobi Mark Morris ya haɗa wani abinci na musamman ga karen jagoran wani makaho, mai suna Buddy, da ke fama da ciwon ƙoda. Daga wannan haɗi aka samu abincin jinya na kamfanin Hill's a 1948. A kudancin Faransa ma wani likitan dabbobi, Jean Cathary, shi ya kafa Royal Canin a 1968, bayan ya lura cewa cututtukan fata da yake gani a karnuka suna da alaƙa da cimarsu. A 1987 masu bincike a jami'ar Kaliforniya da ke Davis suka gano cewa ƙarancin wani sinadari mai suna taurin a abincin kyanwa yana jawo mata ciwon zuciya. Kamfanoni suka ƙara sinadarin, cutar ta ja baya sosai.

Wannan tarihi ya nuna cewa batun abinci da lafiyar dabba yana da tushe. Matsalar ta taso ne a lokacin da kalmar lafiya ta bar ɗakin likita ta koma hannun masu talla.

Shekarar da amana ta karye

A watan Maris na 2007, kamfanin Menu Foods na Kanada, wanda ke haɗa abinci ga tambura da dama, ya fara janye kayansa daga kasuwa bayan karnuka da kyanwoyi sun yi ta kamuwa da ciwon ƙoda. Bincike ya gano cewa garin alkamar da aka shigo da shi daga Sin an gauraya shi da melamin, wani sinadarin yin roba da ke sa gwaji ya nuna kamar abinci na da furotin mai yawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta samu dubban rahotannin mutuwar dabbobi. Shekara guda bayan haka aka samu wannan sinadari a madarar jarirai a Sin, inda yara shida suka rasu, kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya.

Abin da ya fi tayar wa masu dabbobi hankali shi ne gano cewa mai tsada da mai araha, da yawansu daga masana'anta ɗaya suke fitowa. Daga nan mutane suka fara juya buhu suna karanta bayansa. Sababbin kamfanoni suka shigo da alƙawarin nama zalla, babu tarkace, babu hatsi. Wanda ya fi cin moriyar wannan yanayi shi ne Blue Buffalo, wanda tallarsa ta dogara kan cewa ba ya sa ragowar mayanka a abincinsa. A 2014 Purina ya maka shi kotu kan wannan iƙirari. Daga baya Blue Buffalo ya amsa cewa an samu garin ragowar kaji a wasu kayansa, ya ɗora laifin a kan mai kawo masa kaya, ya kuma amince ya biya masu saye dalar Amurka miliyan 32. Wannan bai hana kamfanin General Mills sayen sa a 2018 kan dalar Amurka biliyan 8 ba.

A nan akwai abin da zai ba Bahaushe dariya. Ragowar mayankan da talla ke ƙyama, akasarinta kayan ciki ne: hanta, huhu, saifa, ƙoda, tumbi. Su ne mahauci a kasuwar Maraɗi ke ware wa babban mai ciniki, kuma likitocin dabbobi sun tabbatar cewa hanta ta fi tsoka yawan bitamin da ma'adinai. Ƙyamar ta mai saye ce. Kare da kansa, in ya kama zomo, ta ciki yake farawa.

Yayin gudun hatsi, da komawa ga dawa

Yayin da ya fi kowanne ƙarfi a shekarun 2010 shi ne na abincin da babu hatsi a ciki. Hujjar masu talla ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya cin masara. Yayin ya zo daidai da lokacin da Amurkawa da Turawa da kansu ke gudun alkama da sitaci. Kamfanoni suka cire masara, shinkafa da alkama, suka cike gurbin da waken Turawa, adas da dankali, suka ƙara farashi.

Sai dai kimiyya ba ta goyi bayan hujjar ba. Wani bincike da masana na jami'ar Uppsala ta Suwidin suka wallafa a mujallar Nature a 2013 ya nuna cewa, cikin dubban shekarun zama da ɗan Adam, halittar kare ta sauya ta yadda yake narkar da sitaci fiye da kyarkeci nesa ba kusa ba.

A watan Yulin 2018 FDA ta sanar da fara bincike kan rahotannin wani ciwon da ke buɗa zuciyar kare ya raunana ta, wanda aka riƙa gani a nau'o'in karnukan da ba a san su da shi ba, kuma mafi yawansu abinci maras hatsi suke ci. A watan Yunin 2019 hukumar ta bayyana sunayen tambura 16 da aka fi ambata. A ƙarshen 2022, bayan rahotanni kusan 1,400, ta ce bayanan da ke hannunta ba su isa su tabbatar cewa abincin ne musabbabin cutar ba. Har yanzu ana muhawara, amma cinikin ya riga ya girgiza.

Yadda kasuwar ta mayar da martani shi ne abin lura. Kamfanonin da suka yi shekaru suna kushe hatsi suka fito da sababbin buhuna masu ɗauke da abin da suka kira hatsin mutanen da: dawa, da wani dangin gero, da makamantansu. Dawar dai ta gonakin Amurka ce, mafi yawa daga jihar Kansas, don haka babu wata riba da ta iso ga manomin Sahel. Farashin kuma bai sauko ba. An sayar da rashin hatsi da tsada, aka dawo aka sayar da hatsin da tsada.

Dafaffe, ɗanye da kayan ƙwalama

Yayin da ake ciki yanzu shi ne na abinci sabon dafuwa, wanda ake ajiyewa a sanyi. Kamfanin Freshpet, wanda aka kafa a 2006 kuma yake dasa firigonsa a cikin kantuna, ya yi cinikin dalar Amurka miliyan 975 a 2024. Wasu irin su The Farmer's Dog a Amurka da Butternut Box a Ingila ta intanet suke aiki: mutum ya shigar da shekarun karensa, nauyinsa da nau'insa, a riƙa aiko masa da ƙunshi mai ɗauke da sunan karen, ana cire kuɗi daga asusunsa kai tsaye. Kuɗin ciyar da babban kare ta wannan hanya yakan ninka na busasshen abinci sau da yawa.

Akwai kuma masu ba da ɗanyen nama, duk da gargaɗin hukumomin lafiya cewa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu kama dabba da mutanen gida, musamman yara. A watan Disambar 2024 hukumomin jihar Oregon suka danganta mutuwar wata kyanwa da murar tsuntsaye da ɗanyen naman talo-talo na kanti da ta ci, aka janye kayan.

Kayan ƙwalama ma sun zama fage mai zaman kansa. A da biskit ne kawai na lallashi. Yanzu akwai na goge haƙori, na gaɓɓai, na gyaran hanji, har da na kwantar da hankalin karen da ke firgita in an bar shi shi kaɗai. Yawancin irin waɗannan ba a tilasta musu gwajin da ake yi wa magani kafin su shiga kasuwa. Wani nau'in busasshen nama mai kama da kilishi, wanda akasari ake shigowa da shi daga Sin, ya jawo ƙorafi sama da 5,000 ga FDA tsakanin 2007 da 2015, ciki har da rahoton mutuwar karnuka fiye da 1,100, kuma ba a taɓa gano takamaiman dalili ba.

Neman sabon abin talla ya kai ga ƙwari. A Faransa da Ingila ana haɗa abincin kare da garin tsutsa, abin da ba zai ba mai cin soyayyar fara a Yamai mamaki sosai ba. Amma sana'ar na da tsada: kamfanin Ÿnsect na Faransa, wanda ya tara ɗaruruwan miliyoyi na jari, ya faɗa matsalar kuɗi a 2024. A watan Yulin wannan shekarar Birtaniya ta ba kamfanin Meatly izinin sayar da naman kazar da aka raina daga ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje, kuma a Fabrairun 2025 aka fara sayar da shi a Landan a matsayin ƙwalamar kare.

Su wa ke kwasar kuɗin?

Duk yawan sunayen da ke kan kanta, masu su ƴan kaɗan ne. Mars, mai yin cakulan, shi ke da Pedigree, Whiskas, Royal Canin da Iams, sannan a 2023 ya kammala sayen kamfanin da ke yin Orijen da Acana. Nestlé ya sayi Purina a 2001 kan dalar Amurka biliyan 10.3. Hill's na hannun Colgate-Palmolive, mai man goge baki, tun 1976. Mars bai tsaya a abinci ba: a 2017 ya sayi rukunin asibitocin dabbobi na VCA kan kimanin dalar Amurka biliyan 9. Ke nan mai dafa abincin, a wurare da dama, shi ne mai asibitin da ake ba da shawarar abin da za a ci.

Su kuwa kalmomin da ke jan kuɗin, ba duka ke da nauyi a doka ba. FDA da kanta ta bayyana cewa rubuta "premium" ko "gourmet" a jikin buhu ba ya wajabta wa kamfani sa kayan haɗi mafi inganci. Abin da ke da ma'ana shi ne shaidar cewa abincin cikakke ne, wato ya ƙunshi duk sinadaran da dabbar ke buƙata a shekarunta. A buhunan Faransa ana rubuta "aliment complet", kuma ana samun wannan shaida a mai araha kamar yadda ake samun ta a mai tsada. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a kan wannan tunani aka gina rabin kasuwar.

Binciken da ya fi ƙarfi kan tsawon ran kare bai shafi tsadar abinci ba. An wallafa shi a 2002, bayan an bi karnuka 48 nau'in Labrador tsawon rayuwarsu. Rabi aka rage musu kashi 25 cikin 100 na abin da ƴan'uwansu ke ci, abinci iri ɗaya. Waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu. Duk da haka, ƙididdigar wata ƙungiyar yaƙi da ƙibar dabbobi a Amurka ta 2022 ta nuna kashi 59 cikin 100 na karnuka da kashi 61 na kyanwoyi sun wuce nauyin da ya dace. Shi ya sa likitoci ke cewa kada ƙwalama ta wuce kashi 10 cikin 100 na cimar yini.

Inda lissafin ya taɓo Afirka ta Yamma

Muddin masana'antar na amfani da abin da mutane suka bari a mayanka, ba ta gogayya da tukunyar kowa. Amma sabon yayin na neman tsoka da kifi irin wanda mutum ke ci. Wani masani a jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles, Gregory Okin, ya lissafa a 2017 cewa da karnuka da kyanwoyin Amurka ƙasa ce mai zaman kanta, da ita ce ta biyar a duniya wajen cin nama.

Man kifi, wanda ake tallata shi don sheƙin gashi da lafiyar gaɓɓai, wani ɓangarensa daga gaɓar tekun Muritaniya, Senegal da Gambiya yake fitowa. Rahoton da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce ana kwashe sama da tan 500,000 na ƙananan kifaye a shekara daga yankin ana mayar da su gari da mai, adadin da zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Kaso mafi tsoka na tafiya ne gonakin kiwon kifi da dabbobi a Turai da Asiya, abincin dabbobin gida kuma na cikin masu cin sauran. Kifin nan shi ne wanda mata ke ƙyafewa a kai kasuwannin cikin ƙasa har Mali da Burkina Faso, naman talaka.

Ga mai kare a Yamai

A manyan kantunan Yamai ana ganin irin waɗannan buhuna da aka shigo da su, kuma matasan birni masu kiwon karnukan Turai don gadi ko sha'awa suna cin karo da tallarsu a Facebook da TikTok. Abin da likitocin dabbobi suka yi ittifaƙi a kai bai da tsada: a auna abinci, a ba da ruwa mai tsabta, a ajiye buhu a inuwa don zafi na lalata man da ke ciki, a kuma guji ba kare ko kyanwa ragowar miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, domin suna lalata musu jini. Cakulan da inabi ma guba ne ga kare. Sama da duka akwai allurar rigakafin haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya.

A arewacin Tawa akwai kwarin Azawak, wanda ya ba da sunansa ga siririn karen nan mai dogayen ƙafafu da Abzinawa da Fulani ke farauta da gadin garke da shi. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma a watan Janairun 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, ta shigar da shi cikakken jerin nau'o'inta. A can, jikokinsa na cin abinci daga buhu mai hoton naman barewa da dawa. A rugagen da ya fito kuwa, cimarsa tun kaka da kakanni ita ce gero da nono, sai ɗan abin da ya kamo, kuma da ita yake cin ma barewar a guje.